Layuka Biyu da Ba Sa Haɗuwa: Ina Shaida?

 Yau maganar lissafi za mu yi. Wanda yake kusa da takarda da biro ya jawo su, wanda kuma yake zaune a ƙofar gida ya share ƙasa a gabansa, ya nemi ɗan tsinke. Direba dai ya riƙe sitiyarinsa, kunne ma ya wadatar.

Malami ya ja layi biyu a allo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya ce wa yara waɗannan layukan daura da juna suke tafiya, ko har abada za a yi ta jan su ba za su haɗu ba. Yara su maimaita, su kwafa a littafi. Amma da wuya a rasa yaro ɗaya a ajin da tambaya ke ci masa rai, ko ya furta ko ya haɗiye: Malam, wa ya bi su har ƙarshe ya dawo ya ba da labari? Allon nan gaba ɗayansa bai wuce taku huɗu ba. A ganina babu tambayar da ta kai wannan kyau a duk darasin, kuma yaron da ya yi ta ya cancanci amsa, ba tsawa ba.

Littafin da duniya ta koyi wannan ilimi a cikinsa, wani Bagirike ne ya rubuta shi a birnin Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Malaman Larabawa suna kiransa Uƙlidis, littafin kuma Kitabul Usul, juzu'i 13 ne. A farkon juzu'i na ɗaya ya bayyana ma'anar abubuwa 23, namu ne na ƙarshe. Sharaɗi uku ya gindaya. Layukan su zama miƙaƙƙu. Su kasance a kan shimfiɗa ɗaya, kamar a ce doron allo ko daɓen ɗaki. Sannan duk yadda aka ƙara musu tsawo, gaba da baya, kada su gamu.

Sharaɗin nan na tsakiya ɗalibai kan manta da shi. Ku dubi gadar sama irin ta cikin birni: titin sama ya nufi gabas, na ƙasa ya ratsa ta ƙarƙashinsa ya nufi kudu. Ba su taɓa juna ba, ba kuma za su taɓa ba, amma ba wanda zai ce daura da juna suke, don ba shimfiɗarsu ɗaya ba. Rashin haɗuwa kaɗai bai isa ba.

Sharaɗi na uku kuwa shi ne inda gizo ke saƙa. A ce ba za su haɗu ba har abada, magana ce da babu mahaluƙin da zai tsaya mata shaida. Sai mutum ya ce to ai ina da ido. Hausawa dai sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A nan ko ƙimar ma ba a dogara da shi. Je ka tsaya tsakiyar layin dogo inda ya miƙe santal, ka dubi nesa: za ka rantse ƙarafunan biyu sun haɗe a can ƙarshen gani, alhali tazararsu ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra a shekarar 965, ya yi zamansa a Alƙahira, a cikin littafinsa na ilimin gani mai suna Kitabul Manazir, juzu'i guda sukutum ya ware a kan kurakuran da ido ke yi. Ido kan ga haɗuwa inda babu ita, ya kuma kasa ganin ta inda take tafe.

Wannan na biyun ya fi haɗari, bari in ba ku shi da adadi. Layi biyu, tazarar mita ɗaya a tsakaninsu, ɗaya ya karkata wajen ɗan'uwansa da digiri ɗaya tak. Digiri ɗaya kashi ɗaya ne cikin 360 na kewayen da'ira, a takarda da ƙyar ido zai kama shi. To waɗannan layukan kafin su yi mita 58 sun yi karo. In karkatar kashi ɗaya ce cikin goma na digiri, za su gamu wajen mita 573. Wanda yake tsaye a farkonsu ba abin da zai gani, komai daidai.

Hikimar da magabata suka zo da ita ke nan: tunda ba za a iya zuwa can a gani ba, sai a nemi shaida a nan kusa. Shaidar kuwa layi na uku ne, wanda za a ja ya ratsa su biyun.

Ku ja layukanku biyu a kwance, sannan ku ja na uku a karkace ya yanke su duka. Yanzu kuna da mahaɗa biyu. A kowace mahaɗa kusurwa huɗu ce, ke nan takwas. A cikin takwas ɗin nan amsar take, kuma hanyar karanta su uku ce. Haruffan boko za su taimake mu, tunda rediyo ba ta nuna hoto.

Ku kawo harafin F, babban baƙi, a zuci. Sandarsa ta tsaye ita ce layin da ya ratsa, hannuwansa biyu su ne layukan da muke tuhuma. A ƙarƙashin hannun sama akwai kusurwa, a ƙarƙashin hannun ƙasa ma akwai. Mazauninsu iri ɗaya, kowacce a mahaɗarta. Ka ɗora ma'aunin kusurwa: in ta sama digiri 65 ce, ta ƙasa ma 65, to layukan daura da juna suke. Hankali ma ya yarda da wannan tun kafin hujja, domin su biyun sun bar sanda ɗaya da juyi iri ɗaya, wato fuska ɗaya suka dosa.

Sai harafin Z. Layin sama da na ƙasa su ne namu, na tsakiya mai karkata shi ne mai ratsawa. A cikin harafin akwai lungu biyu, ɗaya a sama ta dama, ɗaya a ƙasa ta hagu. In lungunan nan girmansu ɗaya, magana ta ƙare, layukan ba za su haɗu ba.

Ta uku, wadda na fi ƙauna, ita ce mai siffar harafin C idan aka zana shi da miƙaƙƙun layuka. Kusurwoyi biyu ne a cikin tsakanin layukan, kuma a ɓangare ɗaya na mai ratsawa. Waɗannan ba daidaito ake nema musu ba, tara su ake yi. In jimlarsu ta ba da 180 cif, kamar 65 da 115, an samu. Abin da ya sa na fi son ta shi ne ita ce take faɗin dalili da bakinta. Ku ɗauka layukan nan biyu sun haɗu a can wani wuri. In sun haɗu, su biyu da mai ratsawa sun rufe alwatika ke nan, doguwa siririya. Kusurwoyin alwatika uku kuwa, mun sani, jimlarsu 180 ce. To ga biyu na nan kusa sun riga sun cinye 180 ɗin gaba ɗaya, ba su rage wa ta ukun komai ba. Alwatikar da ba ta da kusurwa ta uku ba alwatika ba ce, don haka haɗuwar ba ta yiwu ba. Amsar yaron nan ke nan. Ba wanda ya je ƙarshen layin, kuma ba a bukatar kowa ya je.

Ku lura da ƙarin alherin da ke cikin wannan hanya. In ka auna ka sami 65 da 113, jimla 178, ba kawai ta gaya maka layukan za su haɗu ba, har ɓangaren da za su haɗu ta nuna maka, wato inda jimlar ta gaza, ta kuma gaya maka kusurwar da za su yi a can, digiri 2 ɗin da suka rage.

In aka bi diddigi, hanyoyin nan uku hanya ɗaya ce. Kusurwoyi biyu da ke jingine da juna a kan miƙaƙƙen layi jimlarsu 180 ce, biyun da ke fuskantar juna a mahaɗa kuma girmansu ɗaya. Da waɗannan biyu za ka fita daga F ka shiga Z, ka fita daga Z ka shiga C. Idan layukan daura suke, kusurwoyi takwas ɗin nan girma biyu kawai gare su, huɗu ƙanana huɗu manya, sai fa in mai ratsawa ya sauka a tsaye sak, sai duka takwas su zama 90. Ɗalibin da ya gane haka ya huta da haddar sunaye.

Ga 'yan makaranta masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO, ko ta BEPC a Jamhuriyar Nijar, ina da jan kunne guda. Maganar nan tana da gaba da baya, kuma ba ɗaya ba ne. Wani lokaci a ba ka kusurwoyi, a ce ka tabbatar layukan daura suke. Wani lokaci kuma a gaya maka daura suke, da 'yan kibiyoyin nan da ake zanawa a jikinsu, a ce ka nemo kusurwa. Kuskuren da ya fi cin maki shi ne a tambayi ɗalibi ta farko, shi kuma ya fara amsa da cewa tunda layukan daura suke. To ai abin da aka ce ka kawo wa hujja ke nan ka mayar da shi hujja, kamar mai ƙara ya tsaya wa kansa shaida. In ba kibiya, ba a kuma faɗa da baki ba, kada ka yarda da zane don ya yi maka kama. Shi kansa Uƙlidis raba su ya yi: mas'ala ta 27 da ta 28 daga kusurwa suke zuwa ga layi, ta 29 kuma daga layi take komawa ga kusurwa. Ku riƙe wannan ta 29, za mu dawo kanta.

Mu bar aji mu leƙa wajen masu sana'a, don su kullum cikin wannan darasi suke, ko da ba su kira shi da suna ba. Ku kalli kafinta idan zai tsaga katako. Zai kama fensir da babban yatsa da manuni, ya dafe gefen katakon da yatsan tsakiya, ya ja hannunsa sumul daga wannan baki zuwa wancan. Yatsan da ke bin gefe ya hana tazarar canzawa, sai layin ya fito daura da bakin katakon. Hanya ta huɗu ke nan: layukan daura tazararsu ɗaya ce a ko'ina. Auna ta a wuri biyu masu nisa da juna, in ta zo ɗaya an gama. Sai dai da sharaɗi: tef ya tsallaka a tsaye, ya yi digiri 90 da layin. Wanda ya auna nan a tsaye, can kuma a karkace, lambobinsa ba su da amfani. A kan wannan ƙa'ida layin dogo yake zaune. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 tazarar ƙarafunansa milimita 1,067 ce, wato ƙafa uku da rabi. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Ma'aikatan dogo ba sa hangen nesa su ce ya yi, ma'auni suke dorawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Magini kuma tasa dabarar daban ce. Ya san layi biyu da suka tsaya a tsaye sak a kan layi ɗaya dole su tafi daura da juna, tunda 90 da 90 sun cika 180. Saboda haka damuwarsa duka ita ce ya fitar da kusurwa mai kyau. Ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, ya yi ta matsar da igiyar har tsakanin alamun biyu ya zama ƙafa 5 daidai. In ya fitar da kusurwoyin, sai ya gicciya tef daga lungu zuwa lungu. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, kowace gicciye ta ba shi ƙafa 111 da kusan inci 10. In ɗaya ta fi ɗaya, filin ya murɗe.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaƙale ne. A fulotin nan, in katanga ta kauce da digiri ɗaya daga bakin titi, kafin ta kai bayan gida ta shiga filin maƙwabci da inci 21. Ƙafa biyu saura kaɗan. Wanda ya taɓa zama wajen sulhun iyaka a ƙofar mai unguwa ya san abin da bai kai haka ba ma ya raba zumuncin shekara da shekaru. Kuma sau da yawa ba wanda ya yi niyyar cuta, igiya ce aka ja da ido. A cikin gida kuwa mai sa tayil ne ke shan wahalar, ya fara da cikakken tayil a wannan bango, ya isa wancan yana yanke su siri-siri kamar yankan kabewa, mai gida yana ganin laifinsa, alhali tun ranar haƙa harsashi aka yi ɓarnar.

Akwai hanyar 'yan babbar sakandare, wadda ta samo tushe daga aikin Bafaranshen nan Dekat na 1637, inda ake rubuta layi da haruffa da lambobi. Ba zan daɗe a kanta ba. A ce y daidai yake da 2x a tara da 3, wani layin kuma y daidai yake da 2x a ɗebe 5. Lambar da ke manne da x ita ce gangaren layi: duk taku ɗaya gaba, taku biyu sama. Gangarensu ɗaya, mafarinsu daban, don haka daura suke. A kula da abu biyu. A fara warware lissafin har y ya tsaya shi kaɗai, domin 4x a ɗebe 2y daidai da 10, in ka warware shi, layin nan ne na biyu ya sake riga. Sannan in gangare ɗaya ne, mafari ma ɗaya, to ba layi biyu ba ne, ɗaya ne aka rubuta sau biyu. Wannan hanya ba sabon abu ta zo da shi ba. Gangare ɗaya yana nufin layukan sun yanki layin x da kusurwa ɗaya, harafin F ne ya dawo.

Yanzu mas'ala ta 29. Uƙlidis ya gina littafinsa a kan ƙa'idoji biyar da ya nemi a karɓa ba tare da hujja ba. Huɗun farko gajeru ne, kowa ya ji zai gyaɗa kai: ana iya jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo, ana iya ƙara masa tsawo, ana iya zana da'ira, kusurwoyi masu digiri 90 duk ɗaya suke. Ta biyar kuwa doguwa ce, ita ce ke cewa in jimlar nan ta harafin C ta gaza 180, lallai layukan za su haɗu a wannan ɓangaren. Shi kansa bai taɓa ta ba har ya gama mas'ala 28, sai a ta 29 ya ɗauko ta. Malaman da suka biyo baya abin ya tsaya musu a rai. Suna ganin gaskiya ce, amma ta yi nauyin da bai kamata a karɓe ta haka nan ba, ya kamata a ce ana iya fitar da ita daga sauran huɗun.

Sama da shekara dubu biyu ana wannan fama, kuma malaman duniyar Musulmi sun ɗauki kaso mai tsoka. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Matar ne ya yi aikin. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya gwada kawo hujja. Ibnul Haisam ma ya gwada. Umar Hayyam na Naisabur, wanda aka fi sani da waƙa alhali gwanin lissafi ne, ya rubuta risala a kai a 1077, har ya soki Ibnul Haisam da cewa ya shigo da motsi cikin hujja inda bai dace ba. Shi sai ya zana siffa mai gefe huɗu: gindi, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya a tsaye a kansa, da layin da ya haɗe kawunansu. Ya nuna kusurwoyin sama biyu girmansu ɗaya ne, sannan ya yi tambayar da ta zama mabuɗi: 90 ne, ko sun gaza, ko sun haura? Nasiruddin Ɗusi, mai ɗakin nazarin taurari na Maraga, wanda ya rasu a 1274, ya ɗora a kai. A 1594 aka buga wani littafi da ake jingina masa a birnin Rum, da Larabci, ya shiga hannun malaman Turai. Wani limamin Kirista ɗan Italiya mai suna Sakkeri ya sake ɗauko siffar nan ta Hayyam a littafinsa na 1733. Duk wanda ya ce ya kai gaci, in aka bincika sai a tarar ya shigar da wata ƙa'ida a ɓoye wadda ita ce ta biyar ɗin da wata fuska.

Ƙarshenta sai ga Lobacebski a Kazan ta ƙasar Rasha a 1829, da wani matashin soja ɗan Hangare, Yanos Boyai, a 1832, kowa a gefensa, suka juya tambayar. Shi Boyai har mahaifinsa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan mas'ala, ya rubuta masa wasiƙa yana roƙonsa ya rabu da ita, bai ji ba. Lobacebski da Boyai suka ce a ajiye ta biyar ɗin, a ɗauka ta ɗigo ɗaya layuka da yawa za su iya wucewa ba su taɓa wani layin ba, a ga inda ginin zai rushe. Bai rushe ba. Wani sabon ilimin siffofi ne ya fito, mai tsari, wanda a cikinsa kusurwoyin alwatika ba sa cika 180. A 1868 wani ɗan Italiya, Beltirami, ya nuna wannan ilimi ƙafarsa a ƙasa take kamar na Uƙlidis. Sai aka gane abin da ya sa hujjar ta gagari kowa: babu ita. Uƙlidis ya yi daidai da ya ajiye ƙa'ida ta biyar a matsayin sharaɗi. Ita ce ke bayyana cewa shimfiɗar da ake zane a kanta miƙaƙƙiya ce, ba lanƙwasa. Ni ban ga asara a wahalar waɗancan malamai ba, domin da turakun da suka kafa aka auna sabon filin.

Wannan ba zancen sama jannati ba ne, ƙasar da muke takawa ma ta isa misali, ko da yake ita tata lanƙwasar ta ɗaya ɓangaren ce. Layukan da ke tafiya daga kudu zuwa arewa a taswirar duniya, irin wanda ya bi ta Girinwic a Ingila ya sauko ta Tema a Gana, kowannensu yana yanka layin tsakiyar duniya da digiri 90. Ɗauki biyu: 90 da 90, jimla 180. Da a allo ne da mun ce ba za su haɗu ba. Amma duk suna haɗuwa a ƙuryar arewa, su sake haɗuwa a ƙuryar kudu, saboda duniya dunƙulalliya ce. Magini ba ruwansa da wannan, fulotinsa ya yi ƙanƙanta. Matuƙin jirgin sama da mai zana taswirar ƙasa kuwa dole su sa shi a lissafi.

Kuma da harafin Z aka fara auna girman ita duniyar. Eratostenis, shugaban ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, ya sami labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, akwai ranar da in rana ta take tsaka sanda ba ta inuwa. A wannan rana a Iskandariyya, can arewa, inuwa ta nuna karkatar kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, digiri 7 da ɗan ɗori. Ya ce rana tana da nisan da haskenta ke sauka a layuka masu tafiya daura da juna. Ya ɗauka an zarce da sandar Iskandariyya har cibiyar duniya, ta zama mai ratsawa. Lungun Z na sama shi ne kusurwar inuwa, na ƙasa kuma kusurwar da ke tsakanin garuruwan biyu a can cibiya. Ke nan nisan da ke tsakaninsu kashi ɗaya ne cikin 50 na kewayen duniya.

Kirana ga malaman lissafi shi ne su fitar da wannan darasi daga aji. Igiya uku da turaku shida sun isa a kafa layi biyu da mai ratsawa a filin makaranta, yara su auna da hannunsu, su matsar da turke ɗaya su ga yadda jimla ke sauka daga 180. Gwajin Eratostenis ma muna da damar da ɗaliban Turai ba su da ita, domin a ƙasar Hausa rana kan tsaya a tsakar ka sau biyu a shekara. A Kano hakan na faruwa cikin Afrilu, da kuma cikin Agusta, sai dai Afrilu ya fi, ba hadari. Damagaram tana arewa da Kano, kusan a kan layi ɗaya, tazarar kilomita 200 ko kusa da haka in an auna a miƙe, ba ta hanyar mota ba. Malami ɗaya a Kano, ɗaya a Damagaram, su yi magana ta waya. Kowa ya kafa sanda mai tsawon mita 2 a daɓe mai kyau, ya rataya dutse a zare ya tabbatar ta tsaya sak. Ranar da inuwar ta Kano ta ɓace da tsakar rana, yaran Damagaram su jira lokacin da tasu ta fi gajarta su auna. Za su same ta ta nufi arewa, santimita 6 da 'yan kai, wato kusurwar digiri 1.8. A raba 360 da 1.8, a sami 200. A ninka da kilomita 200 ɗin nan, ga kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan, 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sun fitar da shi da sanda da zare.